A nemo waɗanda haya ta kora tukuna

Wani labari ya ce mazauna unguwa ne za su tsara gyaran wani gidan tarihin baƙaƙen fata. Madalla, amma waɗanne mazauna? Ku dubi unguwar Central District a Seattle ta Amurka: a 1970 baƙaƙe sun haura kashi 70 cikin ɗari, yau ba su kai 20 ba. In an kira taro a unguwar kawai, sababbin zuwa ne za su cika zauren. Sai an bi tsofaffin mazauna har garuruwan Renton da Kent da ke kudu da Seattle, inda tsadar haya ta kai su, ta cocinsu, taron kuma ya zama da yamma ko ranar Asabar.

Sannan kafin a taɓa fenti, a gyara rufi da bututun ruwa. Ɗakin ajiya na son laimar iska wajen kashi 45 zuwa 55. Da ta wuce 65, hotuna da wasiƙu sun fara fumfuna kenan. Duk kayan da iyali suka kawo a rubuta, aro ne ko kyauta, don rigimar magada daga nan take tasowa.

Gidan tarihin baƙaƙen fata na Seattle, da aka buɗe a 2008 cikin tsohuwar makarantar Colman, akwai gidajen haya 36 masu rangwame a samansa. Wannan dabara ta fi sabon allo amfani.