Darakta ya yi ɓarna, mai hannun jari ya biya tara

Ranar 31 ga Mayun 2019 hukumar SEC, wadda ke kula da kasuwar hannun jari a Najeriya, ta fitar da sakamakon binciken da ta sa aka yi wa kamfanin mai na Oando. Ta ce an samu bayanan da ba na gaskiya ba a rahotannin kuɗin kamfanin, da cinikin da aka ƙulla da na-gida, wato masu alaƙa da kamfanin ko daraktocinsa, ba bisa ƙa'ida ba, da kuɗaɗen da aka biya wasu daraktoci ba tare da hujja ba. Ta haramta wa shugaban kamfanin, Wale Tinubu, da mataimakinsa Omamofe Boyo riƙe muƙamin darakta a duk wani kamfanin jama'a, wato wanda ake sayar wa jama'a hannun jarinsa, har tsawon shekara biyar. Su kuwa suka musanta, suka ce ba a ba su damar kare kansu ba, suka garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, kotu ta dakatar da hukuncin cikin 'yan kwanaki. Aka shiga shari'a. A watan Yulin 2021 sai ga sanarwa cewa an sasanta: kamfani zai biya wasu kuɗi, zai gyara tsarin gudanarwarsa, kuma babu wanda ya amsa laifi ko ya musanta.

Ba ni da hurumin cewa wane ya ci amana a Oando, tunda kotu ba ta ce ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayan shekara huɗu ana ja-in-ja, daga 2017 zuwa 2021, wanda ya sayi hannun jarin kamfanin da ɗan abin da ya tara bai san gaskiyar magana ba har yau. In hukuma ce ta yi ƙazafi, ba a wanke mutanen ba. In kuwa abin da ta faɗa haka yake, shugaban kamfanin da mataimakinsa ba su bar kujerunsu saboda shi ba. A tsakanin nan an taƙaita cinikin hannun jarin na tsawon watanni daga Oktoban 2017, an kuma hana babban taron shekara-shekara na 2019, aka shafe shekara biyu masu kamfanin na ainihi ba su zauna sun tambayi waɗanda suka wakilta ba.

Mu a Arewa mun bi wannan rigima da kyau, domin ɗaya daga cikin waɗanda suka kai ƙorafi gaban SEC a 2017 shi ne Alhaji Dahiru Mangal, attajirin Katsina. A farkon 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya shiga tsakani, aka yi sulhu, Mangal ya janye ƙorafinsa. Sulhu alheri ne, ban ƙi ba. To amma wannan sulhun manya ne. Malamin makarantar da ya yi ritaya, wanda takardar hannun jarinsa ke ninke a ƙasan akwati tun lokacin da bankuna ke tallar hannun jari a rediyo a 2007, wane sarki ne zai kira masa shugaban kamfani su zauna? Shi ba shi da kowa sai doka da hukumar da aka ɗora wa aiwatar da ita. Ita kanta hukumar ba ta fita lafiya ba: a Nuwamban 2017 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta dakatar da shugabanta Mounir Gwarzo, shi ya ce saboda binciken Oando ne, ita ta ce zarge-zargen da ake masa ne suka jawo.

Kada wani ya ce doka ce babu. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ta fayyace cewa darakta amana aka ba shi, wajibi ne ya yi aiki domin amfanin kamfani, ya bayyana duk wata harka da yake da hannu a ciki, kada ya ci ribar ɓoye da muƙaminsa. Ta hana mutum ɗaya ya haɗa kujerar shugaban hukumar daraktoci da ta babban manaja a kamfanin jama'a. Ta hana mutum zama darakta a kamfanonin jama'a fiye da biyar, ta kuma wajabta a sa daraktoci masu zaman kansu, wato 'yan ba-ruwanmu da ba sa cikin masu gudanar da kamfanin. Ga kundin ƙa'idojin gudanar da kamfanoni na 2018, ga sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025. A takarda ba mu da abin kunya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa hukunci ke sauka a kansa. Idan kamfani ya yi jinkirin miƙa rahoton kuɗinsa, kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, ta ci shi tara, daga asusun kamfani ake biya. Asusun kamfani kuwa dukiyar masu hannun jari ce. Wato mutumin da aka ɓoye wa lissafi shi ne kuma zai biya kuɗin ɓoyewar, daraktan da ya yi sakaci ya karɓi alawus ɗinsa na zama cif. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tara irin wannan ba ta tsorata kowa, ta zama kamar kuɗin wuta da na ruwa da ake sakawa a kasafin shekara.

An taɓa gwada wata hanya, kuma an ga bambanci. A 2006 aka gano cewa an shafe shekaru ana kumbura lissafin Cadbury Nigeria da abin da ya kai naira biliyan 13 ko fiye. A 2008 SEC ta haramta wa tsohon manajan darakta da daraktan kuɗi riƙe muƙamin darakta a kamfanonin jama'a, ta kuma ci masu binciken lissafin kamfanin tara. A Agustan 2009 Babban Banki ya sallami shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, ya zuba naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Cecilia Ibru ta bankin Oceanic ta amsa laifi a 2010, aka yanke mata wata shida, ta kuma sallama kadarorin da aka ƙiyasta sun kusa naira biliyan 190. Wata shida kaɗan ne, kowa ya faɗa a lokacin. Duk da haka duk wani darakta a ƙasar nan ya ji a jikinsa cewa sa hannu a kan bashin da aka ba aboki ba tare da jingina ba yana iya kai mutum gidan yari. Tsoron nan bai daɗe ba, domin wasu daga cikin shari'o'in na wancan lokaci sun yi ta komawa farko, shekara goma ta wuce ana sauya alƙalai.

Wanda ya taɓa halartar babban taron shekara na wani kamfani ya san dalilin da ya sa ba za a dogara da shi kaɗai ba. Ana yi a zauren otal, galibi a Legas. A ƙofa a miƙa maka jaka da ɗan tsaraba da rahoton shekara mai kauri. Shugabannin ƙungiyoyin masu hannun jari su miƙe ɗaya bayan ɗaya, da yawansu yabo suke zubawa, a roƙi ƙarin riba, a amince da albashin daraktoci cikin minti biyu. Shafin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda ke lissafa cinikin da kamfani ya yi da kamfanonin daraktocinsa da danginsu, yana can baya cikin ƙananan haruffa, da wuya ka ji an ɗago shi. Darakta mai zaman kansa kuwa, in shugaba ne ya zaɓo shi daga cikin abokan makarantarsa, kunya kaɗai ta isa ta rufe masa baki.

Akwai masu cewa in aka tsananta, mutanen kirki za su guji kujerar darakta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma bai kamata a hukunta mutum don kasuwa ta juya masa baya ba. Asara daban, ha'inci daban. Amma wanda ba zai karanta takardun da aka aiko masa kafin zama ba, wanda ba zai iya cewa a rubuta ban yarda ba a bayanan taro, barinsa kujerar ba asara ba ce. Akwai kuma masu cewa wannan matsalar attajirai ce. Duk ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho a albashi ya sani cewa ana zuba wani kaso na kuɗin a hannun jarin waɗannan kamfanoni. Da saninsa ko babu, yana ciki.

Saboda haka tara ta riƙa fitowa daga aljihun daraktan da aka samu da laifi, a kuma hana kamfani mayar masa da ita ta bayan gida. Duk sasantawar da SEC za ta yi, a buga ta dalla-dalla: nawa aka biya, wa ya biya, a kan wane zargi, tare da rahoton binciken da aka yi da kuɗin jama'a ko na kamfani. Kuma tun kafin ta yanke hukunci, hukumar ta riƙa ba wanda ake zargi cikakkiyar damar kare kansa a rubuce, don kada lauya ya samu ƙofar da zai rushe aikin shekara biyu a zaman kotu ɗaya. Manyan kamfanonin fansho, su da ke da ƙuri'u masu nauyi, a wajabta musu bayyana yadda suka kaɗa ƙuri'a a kan albashin daraktoci da cinikin na-gida a kowane taro, domin ma'aikacin da kuɗinsa ne ya gani.