Mai jego, takardar sallama da haraji

Wata ƙanwata a Agege ta gama hutun haihuwa, ta koma aiki, ko wata biyu ba ta cika ba kamfanin ya ce zai rage ma'aikata. Aka sallame ta. Da kuɗin suka shigo, sai ta ga an zaftare haraji a kan duka, tamkar albashi ne.

Dokar haraji ba ta ce a yi haka ba. Tun Dokar Kuɗi ta 2020, diyyar rasa aiki ba a taɓa ta sai abin da ya haura naira miliyan 10. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta ɗaga wannan iyaka zuwa miliyan 50. Mata nawa ne daga Idi-Araba zuwa Mile 12 sallamarsu za ta kai haka? Ke nan galibinsu ko kwabo bai kamata a cire musu daga diyyar ba.

Matsalar tana cikin sunan da aka ba kuɗin. Ragowar albashi da alawus, waɗannan haraji na hawa kansu, babu jayayya. Diyya daban take. Amma idan akanta ya dunƙule su a layi ɗaya don ya huta, hukumar harajin Legas, LIRS, abin da aka rubuta za ta gani.

Akwai wata zaftarewar da ta fi wannan ciwo, kuma tun kafin a zo maganar haraji ake yin ta. Dokar Ƙwadago ta ba mai haihuwa makonni 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a aikin. To in aka lissafa sallama da albashin watannin ƙarshe, da wanne aka auna? Da rabin nan na jego. A ganina wannan tarar haihuwa ce kawai, an sauya mata suna. Gwamnatin Legas da ke ba ma'aikatanta hutun haihuwa na wata shida tun 2014 ya kamata ta fito fili ta ce cikakken albashi ne ma'auni.

Na san masu kamfanoni za su ce kasuwa ta yi tsanani. Gaskiya ne, amma rarrabe lissafi a takarda ba ya cin ko sisi. Ƙanwar tawa dai na ce mata kada ta sa hannu a komai sai an rubuta mata kowane kuɗi da sunansa, in sun ƙi, Kotun Ma'aikata na nan a Ikoyi.