Iskar da na saya da kuɗina

Alhaji: Rufe ƙofar, Injiniya! Sanyina zai gudu!

Injiniya: Ranka ya daɗe, wane wari nake ji haka?

Alhaji: Ƙamshin tattali ne. Duk wata kafa na toshe ta, har ramin mukulli na cusa wa auduga. Awa ɗaya nake kunna esi in kashe, sanyin ya kwana da mu.

Hajiya: Da mu da ciwon kai. Ka duba masa bayan wadirof.

(Bangon ya yi baƙi ƙirin. Funfuna ta hayayyafa, saura a nemi ta biya haya.)

Alhaji: Adon fenti ne.

Injiniya: Ado mai gashi? Alhaji, awona ya nuna danshin ɗakin nan kashi 78. Ana son ya tsaya ƙasa da 60. Tururin wanka, na girki, shanya a ɗaki, numfashinku, duk ruwa ne. Ya rasa mafita, sai ya kwanta inda bango ya fi sanyi.

Alhaji: To kowa ya rage numfashi.

Hajiya: Ka fara, kai mai minshari.

Injiniya: Ga kuma iskar kabon da kuke fitarwa in kun yi numfashi. A waje kusan 420 ce cikin miliyan, da ta haura 1,000 a ɗaki sai a ce iska ba ta shiga. Nan 2,400.

Alhaji: Ka ji arziki! Na ninka na waje sau biyar da ɗoriya.

Injiniya: Esin ma ba sabuwa yake kawo muku ba, ta jiya yake juyawa.

(A nan Injiniya ya manta cewa shi ya liƙe tagogin bara, ya karɓi kuɗinsa, bai ce uffan kan hanyar iska ba. Haka suke.)

Injiniya: A sa fankar zuƙe tururi a banɗaki da kicin. Akwai kuma na'urar da ke fitar da tsohuwar iska ta shigo da sabuwa, su gifta juna ba su gauraya ba. Mai fita ta bar wa mai shigowa kamar kashi 75 na sanyinta.

Alhaji: Sauran 25 ɗin fa?

Injiniya: Ya bi iska.

Alhaji: Ta wane ɓangare?

Injiniya: Ta bayan gida, wajen maƙwabcinka.

Alhaji: Hajiya, miƙo min biro. Daga wannan watan rubu'in kuɗin wuta a kansa yake.