Kofi ɗaya na giya ya kusa raba yarona da karatunsa a Amurka

Ƙarfe uku da rabi na dare wayata ta yi ƙara, ina ganin lambar Amurka gabana ya faɗi, don yaron nan ya san bambancin lokaci, bai taɓa kirana a irin wannan sa'ar ba. Ya yi sallama muryarsa na rawa, ya ce Abba ka yafe min na yi laifi. Na ce wani ne ya mutu? Ya ce a'a. Na ce toh faɗa min ina jinka.

Shekararsa 19, yana aji biyu a jami'a. Daren Juma'a aka yi shagalin zagayowar ranar haihuwar wani ɗan ajinsu a ɗakin hostal, su wajen goma, aka miƙa masa jan kofin robar nan ya karɓa ya sha. Ya sha, bai ɓoye min ba, ni ma ba zan ɓoye muku ba duk da nauyin da maganar take min a baki. Can wajen tsakar dare wani yaro da ya yi ta ɗirka ya faɗi a banɗaki yana amai, numfashinsa na fita da ƙyar, kafin ka ce kwabo ɗakin ya watse kowa ya kama gabansa, saura shi da wata yarinya. Ita ta buga 911, lambar neman agajin gaggawa, shi kuma ya durƙusa a kan tayil ya juya yaron ta gefe ya riƙe masa kai don kar aman ya shaƙe shi, har motar asibiti ta iso da 'yan sandan makaranta. Yaron ya rayu, Alhamdulillah. Yarinyar doka ta kare ta tunda ita ta yi kiran. Nawa kuwa aka ba shi na'urar gwajin giya ya hura, aka rubuta masa takardar zuwa kotu, bayan kwana tara kwamitin ladabtarwa ya zauna da shi na minti ashirin, sai ga imel: ya kwashe kayansa daga hostal a tsakiyar hunturu, shekara guda yana ƙarƙashin sa ido, zai yi kwas a kan illar giya da kuɗin aljihunsa, za a sake duba sikolashif ɗinsa, kuma ko ƙaramin laifi ya ƙara dakatarwa ce. Waɗanda suka gudu babu wanda aka ko tambaya sunansa.

Na san abun da wasu za su ce, don har cikin dangi an faɗa min a ido: maganinsa kenan, wa ya aike shi, ɗan Musulmi da giya. Wallahi babu wanda ya kai ni jin zafin abun nan. Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba, mahaifiyarsa kuwa kuka ta yi ta yi a kan sallaya, kuma abun da ya shiga tsakanina da shi a waya bayan nan ya fi duk wata takarda da suka ba shi ciwo, shi ma ya sani. Ni ban ce kar a hukunta shi ba. Abun da nake cewa shi ne hukunci yana da ma'auni, idan ya wuce girman laifin ya zama wani abu daban, idan kuma ya faɗa kan wanda ya tsaya ceton rai ya tsallake waɗanda suka tsere, toh ya koya wa yaran makarantar gaba ɗaya darasi mafi muni, cewa gobe in abokinka ya faɗi ka tsallake shi ka gudu.

Dokar Amurka da ta hana wanda bai kai shekara 21 ba shan giya da dalilinta, ban raina shi ba. Bayan da aka mayar da shekarun zaɓe 18 a 1971, jihohi da yawa sun rage shekarun shan giya su ma, haɗurran mota na matasa suka yi yawa. A 1980 wani direba da ya bugu ya kashe yarinya 'yar shekara 13 a Kalifoniya, mahaifiyarta Candy Lightner ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, MADD, suka yi ta matsa lamba har Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar 1984 wadda ta ce duk jihar da ba ta kai shekarun zuwa 21 ba za a zabtare mata kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gina manyan tituna. Dakota ta Kudu ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yi watsi da ita a 1987, zuwa 1988 kowa ya bi sahu. Sannan a 1989 aka ɗora wa jami'o'in da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su rubuta dokokin giya da hukuncinsu. Uwar da aka kashe wa 'ya tana da gaskiyarta, kuma duk wanda ya sha ya kama sitiyari ni ma ina goyon bayan a matse shi sosai. Amma yarona ba mota ya tuƙa ba, ba shi ma da ita, a ƙasan banɗaki aka same shi hannunsa cikin aman ɗan wani.

Su kansu masu jami'o'in sun san akwai gyara. A 2008 shugabannin kwalejoji da jami'o'i sama da 100, bisa jagorancin John McCardell tsohon shugaban kwalejin Middlebury, suka sa hannu a wata takarda suna neman a sake tattauna dokar, hujjarsu ita ce shan bai tsaya ba, ɓuya kawai ya yi, ya koma ɗakuna a kulle da gidajen ƙungiyoyin ɗalibai inda babu babba ko ɗaya, yara suna ɗirkar mai ƙarfi da sauri kafin su fita don kar a kama su da kwalba. Ni ba ruwana da a rage shekarun, da so samu ne kar kowa ya sha ko yana da shekara 60. Inda maganarsu ta taɓa ni shi ne wajen ɓuyar nan, domin tsoro ne yake haifar da ita.

Ku duba abun da ya faru da Timothy Piazza a jami'ar Penn State a watan Fabrairun 2017. Shi ma shekararsa 19. Aka ɗura masa giya a bikin shiga ƙungiyar ɗalibai, ya faɗo daga matakala, yana kwance a gidan cike da samari amma sai bayan wajen awa 12 aka kira motar asibiti, ya rasu. Duk uban da ya karanta labarin nan sai ya ji kamar nasa ne. Jihar Pennsylvania ta yi doka da sunansa a 2018, kuma yawancin jihohi yanzun suna da dokar afuwa ga wanda ya nemi agaji, sai dai a wurare da dama wanda ya fara buga wayar, ya faɗi sunansa, ya tsaya har aka zo, shi take karewa. Toh dan Allah mutum biyu suna kan yaro yana shirin mutuwa, ɗaya ya ɗauki waya ɗaya ya riƙe kai, ta yaya za a ce wannan ya yi daidai wancan mai laifi ne? So ake ya saki kan ya yi rige-rigen waya?

Wani abun kuma da kwamitin bai ko kalla ba, hukunci iri ɗaya ba nauyi ɗaya yake da shi a kan kowa ba. Ɗan ƙasa in an dakatar da shi zango guda gida zai koma, ya yi ɗan aiki a kanti, ya dawo. Ɗanmu mai bizar ɗalibai ta F-1 sharaɗin zamansa shi ne yana cikin aji cikakken lokaci, ranar da aka dakatar da shi makaranta za ta rufe rekod ɗinsa a rajistar ɗaliban waje da ake kira SEVIS, daga nan sai haɗa jaka. Kuma kowa ya ga abun da ya faru a watan Afrilun 2025, lokacin da aka rufe rekod ɗin dubban ɗalibai baƙi, wasu don sunansu ya taɓa shiga kundin 'yan sanda a kan ƙaramin abu, sai da aka yi ta shari'a kafin gwamnati ta mayar. A watan Yulin shekarar kuma aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. Muna da yara wajen dubu 20 a makarantun ƙasar nan, kusan kowanne akwai fili ko gona ko garken da aka sayar a bayansa. Ni filina na gado na sayar. Yanzun ko hutu ina tsoron ya zo, don fom ɗin biza yana tambaya ko an taɓa kama ka, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba.

Tabon ma ba ya tsayawa a nan. Burinsa likitanci, fom ɗin neman makarantun likitanci a can yana tambaya ko jami'arka ta taɓa ɗaukar matakin ladabtarwa a kanka, dole ka amsa ka yi bayani. Wato abun da ya yi a dare ɗaya yana ɗan 19 zai bi shi har gaban mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, suna da takardu dubu a gabansu suna neman dalilin ajiye wasu a gefe.

Masu cewa maganinsa kenan, mu koma ga addinin da muke tunƙaho da shi mana. Giya uwar laifuka ce, babu musu, amma haramcinta ma a mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i kafin Ma'ida ta rufe ƙofar. Haddinta bulala ce, 40 ko 80, a yi a gama, mutum ya tashi ya koma kasuwarsa da sahun sallarsa, ba a ƙwace masa sana'a ba a kore shi daga gari. Kuma ya tabbata a hadisi cewa da aka hukunta wani mashayi, wani daga cikin mutane ya yi masa mugun baki, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce kar su taimaki shaiɗan a kansa. Yaron da aka fitar daga hostal cikin dusar ƙanƙara, ba dangi ba kowa, ina zai je ya kama haya in ba unguwannin bayan makaranta ba, inda shagalin ya fi yawa kuma babu mai sa ido ko ɗaya? Wa aka taimaka kenan?

Abun da na rubuta wa makarantar a takardar ɗaukaka ƙara ba shi da yawa. Na ce su bar masa kwas ɗin, su ƙara masa aikin al'umma ko awa nawa ne, su haɗa shi da mai ba da shawara, duk na amince har da godiya. Amma su bar shi a ɗakinsa, su faɗaɗa afuwarsu ta haɗa duk wanda ya tsaya ya taimaka, laifin farko da ba a cutar da kowa ba a goge shi in yaro ya kammala shekara lafiya, kuma kafin su yanke wa ɗalibi baƙo hukunci su kira ofishin ɗaliban ƙasashen waje su ji me zai jawo masa. Dokar Amurka tun 1998 ta ba su damar sanar da iyayen yaron da bai kai 21 ba in an kama shi da giya, amma ni babu wanda ya kira ni, da sun kira da sun ga akwai gida a bayansa da zai yi rabin aikin.

Yanzun yana kwana a falon wani bawan Allah ɗan Zariya da suka haɗu a masallacin garin, mai tuƙin tasi, wanda ya ce ba zai karɓi ko sisi ba. Lauya ya ce tunda laifin farko ne akwai yiwuwar kotu ta sa shi wani shiri in ya gama a kori ƙarar, mun biya kuɗin kafin alƙalami, muna jiran ranar zama. Makaranta ta ce za ta ba da amsa cikin kwanaki goma na aiki, yau kwana na bakwai. Jiya na tambayi yaron nawa, in abun nan ya sake faruwa a gabanka za ka tsaya? Ya yi shiru har na ɗauka layin ne ya yanke, sannan ya ce Abba zan tsaya, amma na san abokaina ba za su tsaya ba, sun ga abun da aka yi min.