Zanzibar ta Yawuri

Amaryar ƙanen matata ce ta jawo min wannan jidali. Mijinta ɗan kasuwa ne, Allah ya buɗa masa, ana gama biki ya ɗauke ta suka tafi Zanzibar shan iska. Wannan ban ga laifinsa ba, kowa da ƙarfin aljihunsa. Inda ya cuce ni shi ne da ya cika mata waya da data. Tun daga filin jirgin Adis Ababa, inda suka sauya jirgi, hotuna suka fara zuba a zauren WhatsApp na dangi, ba dare ba rana. Ga ta a Nungwi ƙafa cikin farin rairayi. Ga ta a Kendwa rana na faɗawa teku a bayanta. Ga ta a Paje riƙe da ɗanyar kwakwa, an sare mata kai an soka tsinken zuƙa.

Kafin su dawo, uwargida ta fi ɗan Zanzibar sanin Zanzibar. Ina cin tuwo za ta ce, "Maigida, ka san a Jambiyani ruwa yana janyewa har mutum ya yi ta tafiya a ƙasan teku da ƙafa? Mata ma can suke noman ciyawar ruwa."

To ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare nan Birnin Kebbi, ba za a fi ni a gidana ba. Na ajiye loma na ba ta darasi. Na ce babban tsibirin sunansa Unguja, ƙanensa Pemba, inda kanumfari ya fi yawa, duka cikin Tekun Indiya. Na ce a 1964 suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya, kuma akasarin mutanen musulmi ne masu jin Suwahili. Janyewar ruwan nan kuwa aikin wata ne, sau biyu yake ja ya saki a kwana guda, a gaɓar gabas abin ya fi fitowa saboda tudun murjani ya sa wurin ba zurfi. Farin rairayin ma garin murjani ne da ɓawon halittun ruwa da igiya ta niƙe. Ni a tunanina ilimi zai ƙosar da ita.

Ta saurara har na gama, ta ce, "Ma sha Allah. Tunda har ka san hanya, yaushe za mu?"

Daren nan na buga lissafi a bayan takardar jarrabawar wani yaro. Fasfo na mutum biyar, biza, tikitin da ake yanka farashinsa da dala, masauki, abinci. Da na tara, sai na ga ko da gwamnati za ta biya ni garatutina tun ina aiki, iyakarmu Adis Ababa, can za mu zauna mu koyi cin injera.

Sai Allah ya tuno min da Yawuri. Can aka fara tura ni koyarwa ina saurayi, kuma wata bazara abokai suka ɗauke ni a kwale-kwale zuwa wani tudun rairayi a tsakiyar Kwara. Fari tas, mai laushi, ruwa ta kowane gefe, muka gasa kifi muka yi wanka. Da safe na kawo wa uwargida hujjojina. Tsibiri take so? Yawuri akwai gungu-gungu, har da mutanen da saboda zaman tsibiri ake kiransu Gungawa. Jirage take so? Garin da ake bikin Rigata ba a koya masa jirgi. Ba biza, ba dala, kuma ruwanmu ba gishiri, ko yaro ya haɗiya ba abin da zai same shi sai ƙoshi.

Ta amince da wuri, abin da ya kamata ya ba duk mai aure tsoro. Sharaɗinta ɗaya, da Inna za a je, don ta daɗe tana marmarin kifin Yawuri. Inna mahaifiyarta ce. Surukata.

Aka yi hutun Disamba na shiga shiri. Na ari babbar laima wurin yaron da ke POS a bakin layinmu. Na naɗe tabarma, na sayi baƙin tabarau. A gwanjo na samu wani wando iya gwiwa mai zanen bishiyar kwakwa da jan aku, irin wanda na ga angon ya sa a hoto, na sa shi a ƙarƙashin jallabiya da niyyar sai Inna ta juya baya a ɗauke ni hoto ɗaya tak. Kwakwa kuwa a Jega muka tsaya na saya, irin tamu busasshiya mai gashi, wadda ake yankawa a ci da dabino. Kwakwa dai kwakwa ce.

Muka wuce Koko hazo ya rufe ko'ina, muka shiga Yelwa da hantsi yara suna karkarwar sanyi. Bakin ruwa cike yake. Jirage na sauke buhunan albasa da shinkafa, wani an ɗora masa babura da awaki, mata na ƙirga kwandunan kifi. Na samu wani dattijo mai jirgin inji na kwatanta masa wurin. Ya dube ni, ya dubi laima, ya dubi Inna.

"Malam, wanga rairayi kaka biɗa? Yanzu?"

Na ce yanzu. Ya ce to, Allah shi kai mu. Na dage sai an ba kowa rigar kariya, kuma a nan kam ko uwargida ta yaba min. Tawa ce kawai ta ƙi haɗuwa a tumbi, na riƙe ta da hannu.

A hanya dattijon ya ɗebe mana kewa da labarin dorina. Yadda take kifar da jirgi, yadda take fitowa da dare ta cinye gonar shinkafa, yadda in tana da ɗa ba ta san sarki ba. Ya ce kafin ka gan ta, hucinta za ka fara ji. Yara suka matso jikin uwarsu. Ni na yi dariya irin ta magidanta.

Can sai ya kashe inji. Jirgi ya yi ta lilo. Gabas ruwa, yamma ruwa, gaba hazo.

"Mun iso," in ji shi.

Na ce, "Baba, mun iso ina?"

Bai ce komai ba. Ya ɗauki doguwar gorarsa ya zura cikin ruwa, ya yi ta zurawa har hannunsa ya jiƙe zuwa gwiwa. Ya murɗa, ya zaro ta a hankali, ya shafo ƙarshenta da ɗan yatsa. Ga rairayi kuwa, fari, ɗan kaɗan. Ya miƙa wa uwargida da ladabi.

"Hajiya, ki shaida, Malam bai yi ƙarya ba. Ga shi nan ƙarƙashinmu. Sai bazara shika fitowa."

Da an bar maganar a nan da na san yadda zan gyara ta. Sai babban ɗana, wanda nake biya wa kuɗin makaranta da gumina, ya buɗe baki. "Baba, ai baƙin ruwa ne! Kai ka koya mana." Kuma ya shiga karantowa tiryan-tiryan, yadda ruwan da aka yi da damina a tsaunukan Gini yake gangarowa ta Mali, ya bazu a fadamun wajen Mopti ya yi watanni yana jan ƙafa, ya wuce Tumbuktu da Gawo da Yamai, bai iso mana sai cikin hunturu, lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Ya ƙara da cewa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkinta yana tokaro ruwa har Yawuri, shi ya sa yanzu ne kogi yake cike. Ko waƙafi bai bari ba. A aji kuwa wannan yaron sai na yi da gaske yake rubuta sunansa a takarda.

Inna, wadda tun Birnin Kebbi ba ta ce uffan ba, ta gyara mayafi ta ce wa ’yarta, "Ashe dai yaran na karatu."

Dattijo ya ji tausayina ya ce akwai wani gungu nan kusa, ba ya nutsewa. Muka nufa. Tsibiri ne na gaskiya, wannan ba mai musu, sai dai daga bakin ruwa har inda ido ya tsaya albasa ce kore shar, ga bukkoki, ga hayaƙin banda yana tashi. Wurin sauka an jera wasu itatuwa a kan laka, kowa ya bi ta kai ya wuce lafiya, har Inna. Ni da nake ɗauke da laima da tabarma da ledar kwakwa, na ga wani wuri sumul a gefe, na ce ga hanya mai sauƙi.

Ƙafar dama ta shige har ƙwauri. Na kai ta hagu don in ceto ta, ita ma ta bi ’yar'uwarta. Jallabiyata fara ce, sabuwa, ta sallar da ta wuce, kuma hannu ba ya shawara da kai a irin wannan lokaci. Kafin in ankara na tattare ta har ƙugu.

Jan aku ya bayyana. Bishiyoyin kwakwa suka bayyana. Ƙafafuna da ko maƙwabta ba su taɓa gani ba suka bayyana, a gaban surukata, da matan da ke banda, da yaran gungu da suka taru kallon baƙi. Inna ta juya fuska wajen gonar albasa tana salati. Uwargida ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Wata tsohuwa daga wajen murhu ta ɗaga murya ta tambayi dattijo ko ɗan ƙwallo ya kawo musu. Da gora aka jawo ni kamar an kamo tarwaɗa, takalmi ɗaya ya zauna can, har yau yana Yawuri.

Duk da haka ban karaya ba, don an riga an biya kuɗin jirgi. Na samu busasshen wuri tsakanin kunyar albasa da ragar da aka shanya, na shimfiɗa tabarma, na kafa laima, na sa tabarau duk da ranar ma da ƙyar ake ganinta. Ban gama zama ba sai ga wani bawan Allah ya yi sallama ya miƙo min katin banki, wai dubu biyar zai cira. Na ɗaga kai. A jikin laimar an rubuta da manyan baƙaƙe, ana cire kuɗi ana turawa. Kafin in gama yi masa bayani mutum uku sun yi layi a bayansa, ɗaya yana tambayar nawa nake caji.

Kwakwa ma ta ƙi ba da haɗin kai. Ta Zanzibar ɗanya ce, sara ɗaya ake mata da adda, ruwa cike. Tawa sai da aka aro dutsen da ake danne raga, na yi ta bugu, da ta fashe rabin ruwan ya bi hannuna, abin da ya rage bai cika murfin kwalba ba. Autarmu da aka yi wa alkawarin tsinken zuƙa ta leƙa ciki ta fasa kuka.

Ana cikin rarrashinta na ji shi. Daga bayan ciyawa, kusa ƙwarai, wani huci mai nauyi: fuuu. Aka ɗan yi shiru. Fuuu, fuuu.

Abin da ya biyo baya akwai saɓanin ruwaya. Uwargida tana cewa wai ta juya ta ce "Maigida" ta tarar da tabarma kawai. Ni abin da na sani, a duk lokacin haɗari dole a samu wanda zai riga kowa isa jirgi ya riƙe shi don iyali su shiga cikin natsuwa, kuma wannan nauyi a kan magidanci yake. Cewa na bi ta kan itatuwan nan da takalmi ɗaya ba tare da na taɓa laka ba, wannan baiwa ce. Ina cikin jirgi riƙe da igiya sai hucin ya koma tu-tu-tu-tu. Wani manomi ne yake ta jan igiyar injin ban ruwa, sai a lokacin ya tashi.

Inna ko motsi ba ta yi ba. Tana tsugune gaban murhun banda tana juya wani ƙaton giwan ruwa, tana cewa mai kifin ta ji tsoron Allah ta rage. A nan ne ma ainihin kuɗin tafiyar ya fita. Kifi banda kwali guda, na Inna. Wani kwalin, na gidanmu. Albasa buhu, don a nan ta fi araha, kuma wa zai zo har gona ya koma hannu rabbana? Kuɗin hannuna suka ƙare, ga ba sabis, mai laimar POS ya rasa inda zai ciri kuɗi. Sai da muka koma Yelwa dattijo ya raka ni wurin masu POS na gaskiya, yana tafe yana ba su labari tun kafin mu ƙarasa.

A mota buhun albasa bai shiga but ba saboda kwalaye, a cinyata ya zauna har Birnin Kebbi. Da dare uwargida ta zuba hotuna a zauren dangi. Na roƙe ta ta cire guda ɗaya, ta ce ai shi ya fi fitowa da kyau. Amaryar Zanzibar ce ta fara magana, ba ta ce komai kan aku ba, Allah ya saka mata, tambaya ta yi nawa buhun albasa, in za mu koma a riƙo mata biyu. Na ce wa uwargida ta gani, har masu zuwa Nungwi suna sha'awar namu. Ta ce Yawuri ziyara ce an kai Inna, ta gode, Zanzibar kuma tana nan a rubuce.

Da zafi ya kankama, wata rana ina aji sai ga fulashin daga baƙuwar lamba. Na fita na kira. Dattijo ne, ana jin ƙarar inji a bayansa.

"Malam, rairayinka ya fito, fari ƙal! Amma in za ku zo ku yi sauri, masu ɗibar yashi sun fara lodi tun shekaranjiya. Kuma Hajiya babba ta ce in an samu giwan ruwa in kira ka, kai ka biya."