Wanda Ya Ƙi Kisa Aka Kora, Mai Fyaɗe Aka Ba Riga

Haba jama'a! Wai da wane ma'auni hukumomin wasanni suke auna mutum ne? A 1967 Muhammad Ali ya ce ba zai sa kakin soja ya tafi Biyetnam ya harbi mutanen da ba su tsare masa komai ba. Nan take aka ƙwace kambinsa, aka hana shi lasisin dambe, ya yi sama da shekara uku a zaune lokacin da yake kan ganiyarsa. Sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yanke masa.

To ga Mike Tyson. Kotu ta same shi da laifin fyaɗe a 1992, ya yi shekara uku a kurkuku, ya fito a 1995, shekarar ba ta ƙare ba ya koma fage, masu shirya dambe na rububinsa. Ali gwamnati ya saɓa wa, Tyson mace ya zalunta. Wallahi wannan kaɗai ne bambancin da nake gani, kuma yana ƙona mini rai.

Na yarda wanda ya gama zaman hukuncinsa yana da haƙƙin neman abinci, ya yi sana'a, ya tuba tsakaninsa da Mahaliccinsa. Amma rigar ƙasa karramawa ce. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Holan ta tura Steven van de Velde, ɗan wasan ƙwallon raga na rairayi, wanda kotun Ingila ta ɗaure a 2016 kan yi wa yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe. Shekara 12! 'Yan kallo suka yi ta yi masa ihu, masu ruwa da tsaki suka toshe kunne, wai ya cika ƙa'ida. A Brazil ma, tsohon golan kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Flamengo, Bruno, da aka ɗaure kan kisan uwar ɗansa, wani kulob ya ɗauke shi a 2017 yana fitowa. Kun tuna da iyayen waɗannan matan kuwa, suna kallon ana tafa wa mutumin a talabijin?

Hukumomin wasanni, ku rubuta doka ɗaya a fili, mu karanta: wane laifi ne ke hana sa rigar ƙasa, na tsawon wane lokaci, wa ke yanke hukunci. Kuma fyaɗen yara da kisan kai su zo a layin farko.