Karatu Ta Intanet: A Daina Ce Mana Mun Ci Riba

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta sanar cewa sabuwar shekarar karatu za ta fara ranar 30 ga Agustan 2020 ta intanet, har tsawon mako bakwai, wayata ba ta huta ba. Ita sanarwar ba ni da ja a kanta. Annobar korona ce, kuma duk wanda ya ga yadda Madina, inda nake karatu, ta koma a watan Afrilu ba zai yi gardama ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne guɗar da wasu 'yan'uwanmu suka ɓarke da ita a zaurukan WhatsApp. Wai korona ta buɗe mana ido. Wai ashe tun farko babu dalilin ɗauko yaro daga Zariya ko Maraɗi a kawo shi Hijaz, a saya masa waya da data kawai ya yi digirinsa a ɗakin uwarsa.

Har kawuna ya kira ni daga Kano ya ce, "Ɗana, ai ku kun more. Ga na'urar sanyi, ga abinci, ga malami yana iske ka har bisa gado." Na ce, "Haka ne, Kawu, Allah Ya ƙara girma." Babba ba a musa masa a waya. Amma a nan zan faɗi abin da na haɗiye.

Ranar 9 ga Maris na 2020 aka rufe makarantu da jami'o'i a Saudiyya. Ranar 15 aka tsayar da jiragen ƙasashen waje. Ranar 23 dokar hana fita ta fara, daga bakwai na yamma zuwa shida na safe, kafin 2 ga Afrilu a mayar da ita ba dare ba rana a Makka da Madina, da tarar riyal 10,000 ga wanda ya karya. Daga nan duniyar ɗalibi ta zama ɗakinsa na sakan, wato masaukin ɗalibai: gado, tebur, caja. Ka tashi ka shiga manhajar karatu ta Blackboard, malami na magana, sunaye talatin sun jeru a gefe, ba ka san wa ke sauraro wa ke minshari ba. Dare ya koma rana. Ladan na kira yana ƙarawa da cewa a yi salla a gida, ga Masallacin Annabi a garin da kake kwana amma ba halin zuwa. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, babu doguwar shimfiɗar nan ta buɗa-baki a Harami, da dabino da zabadi da burodin shuraik da dukka (garin kayan yaji), inda Bature da Bahaushe da ɗan Indonesiya ke haɗa gwiwa. Kowa ya sha ruwa shi kaɗai gaban wayarsa. Sallah ma a kulle aka yi ta. Wannan shi ne morewar da ake faɗa.

Duk wannan ana iya jurewa, kuma mun jure. Gaskiya hukuma ta yi abin a yaba, musamman umarnin Sarki Salman na 30 ga Maris cewa a yi wa kowa maganin korona kyauta, har wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Wanda ya san halin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna unguwanni irin su Hosh Bakar a Makka, masu cin abinci da abin da suka samo a ranar, ya san nauyin wannan magana.

Inda gizo ke saƙar daban ne. A zangon nan na 2020 an raba darussan jami'a gida biyu: na aikin hannu a zo aji, na nazari a yi ta intanet. A takarda abin ya tsaru. To amma mu da muka baro gida don Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu da Larabci, kusan komai namu ya faɗa kwandon nazari. Wa ya ce karatun Alƙur'ani nazari ne? Malamin tajwidi bakinka yake kallo. Yana son ya ga inda harshenka ya sauka, ya ji ko gunnarka ta cika. Ta makirfon da ke shaƙewa, ina zai bambance ɗalibin da ya fitar da harafi daga mafitarsa da wanda ya murguɗe shi? Na taɓa biya shafi guda cur, na gama ina jiran gyara, ashe tun aya ta biyu intanet ta yanke, ni kaɗai nake ta yi wa bango karatu.

Sabon zuwa ya fi kowa shan wahala. Yaron da ke matakin koyon harshe, rabin Larabcinsa ba a aji yake samu ba. A layin abinci yake tsintarsa, a motar zuwa Harami, wurin cinikin takalmi, da bakin abokin ɗakinsa wanda ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ka kulle shi wata uku, sai ya koma hira da 'yan garinsu a waya daga safe har dare, Hausarsa ta ƙara kauri, Larabcin ya tsaya inda ya baro shi.

Sannan halƙa. Duk tsohon ɗalibin Madina, tambaye shi inda ya fi ƙaruwa, zai ce maka tsakanin Magariba da Isha, a zaune a ƙasa gaban kujerar malami a Harami. Ba a banza aka kafa Jami'ar Musulunci a wannan gari a 1961 ba, garin da Imamu Malik ya karantar. Mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Da zaure muka tashi: ɗalibi ya biya, malam ya fassara, ya gyara, ya kuma lura da zamanka da tashinka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙafarsa ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Littafi bai yi ƙaranci a hannunsa ba, malamin ya bi.

Masu cewa ai lacca a naɗe ta fi, tunda kana iya maimaita ta sau goma, su tambayi kansu sau nawa suka taɓa buɗe wadda suka ajiye. Masu cewa mu gode Allah tunda na gida Najeriya a lokacin suna zaune tun Maris na 2020 saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, mun gode, da babu gara ba daɗi. Amma ba daɗin ne, kada a sa masa suna zuma.

Kuma wai a yi daga gida. Wane gidan? Abokanmu da suka samu jirgi suka koma, darasin takwas na safe a nan shida ne a Kano, bayan an kwana ba wuta, waya ta mutu, data ta ƙare. Wani sai ya fita bakin titi neman sabis, malami na bayanin illar hadisi, ɗan adaidaita na danna masa oda. Mu da muka rage a nan kuma, tun 1 ga Yuli harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, kuɗin aljihun ɗalibi kuwa bai haihu ba. Masu lissafin rarar kuɗin tikiti ba su taɓa sa wannan a sikelinsu ba, domin yawancinsu da za a ce su tura nasu ɗan ya karanta likitanci ta waya, da sun ce ana yi musu baƙin ciki.

Kirana a zangon nan na 2020 shi ne ƙungiyoyin ɗalibanmu su daina tura saƙon barka da sabon zango, su rubuta takarda. An buɗe Masallacin Annabi tun 31 ga Mayun 2020, a lokacin ana salla da tazara, an ɗage dokar hana fita tun 21 ga Yuni. Idan ɗalibin haɗa magunguna zai iya shiga ɗakin gwaji da takunkumi, mai haddar Alƙur'ani ma zai iya zama nesa kaɗan da malaminsa ya biya. A roƙa a mayar da tilawa da darasin magana da Larabci cikin na aikin hannu, ko da mutum biyar-biyar ne, ko da sau ɗaya ne a mako.